Dutsen da Ya Faɗo Gidan Mai Sabulu

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka, Mai Sabulu kawai ake ce mata. Tun rasuwar mijinta wankau take yi, da shi ta riƙe 'ya'ya har Auta ta gama jami'a, ta samu aiki a sashen binciken duwatsun da ke faɗowa daga sama. Mace ce da ko tsintsiya sai ta ɗauraye kafin ta jingine. Tsafta dai ta zame mata ciwo.

Ranar da abin ya faru tana cikin shanya ta ji ƙara kamar an yage sabon yadi, sai kwanon rufin banɗaki ya ɓule. Ga wani baƙin dutse, bai fi dunƙulen hannu ba, yana warin kwalta. Kaji suka yi tsit. Nan take ta kira Auta a waya.

Auta ta ce, "Mama, don Allah kada ki sa masa hannu. Irin wannan ya girmi duniya. A cikinsa akwai burbushin sinadaran da ake samu a jikin mai rai, tun zamanin da rana ke haɗuwa. Ko gumin yatsa lalata shi yake yi. Ana shirin rufe sashenmu, wannan ne kaɗai zai tsare mini aikina. Gobe zan zo da shugabanmu."

Nan fa ake yin ta. Babban mutum zai shigo gidanta, a nuna masa abin da aka tsinto a bakin masai? Ya koma yana cewa uwar Auta ƙazama ce? Ta kai ta kawo a tsakar gida, warin yana bin ta har ɗaki. Tsoron dutsen take ji, amma tsoron kunya ya fi. Ta jawo baho.

Washegari Auta ta shigo da safar hannu da akwatin ƙarfe, shugaban yana biye. Mai Sabulu ta fito da faranti, ta yaye farin ƙyalle. Dutsen ya koma kamar ƙwan kaza, yana ƙamshin sabulu.

"Ban sa masa hannu ba, Auta. Da cokali na yi ta juya shi. Kin ga dattin da ya fita kuwa? Ruwan baƙi ƙirin."

Auta ta ajiye akwatin.

"Mama, ina ruwan?"

"Na zubar a kwata, har na bi shi da wani."