Rufin da Aka Yi wa Motar Wakili

Wakili mai kankana a Zuba yana da wata tsohuwar jar mota mai buɗaɗɗen sama, kyautar Baturen da ya yi wa direba lokacin ginin Abuja. Kullum cikin goge ta yake. Da farar hula suka dawo mulki, manyan unguwar Maitama suka yi ta zaryar neman saye, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Da ya tafi Hajji, ƙaninsa Hafizu ya ga bai dace rana ta riƙa dukan Alhaji guda ba. Ya kai motar wurin mai walda, aka lafta mata rufin ƙarfe.

Wakili ya dawo, ya zagaya ta, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Hafizu."

Yanzu kankana take ɗauka. Bai ƙara goge ta ba.