Mai Gogen da Ya Ƙi Tangaɗi

A bakin kasuwar garinmu Ennistymon, a ƙasar Ireland, 'yan fim sun tare hanya. Wani tsoho yana zaune da kwat tsaf, gogensa a cinya, yatsunsa sun kanannaɗe irin na wanda ya shekara hamsin yana tatsar shanu.

Darakta ya miƙa masa kwalbar giya. "Baba, karkata hular, ka riƙa tangaɗi. Haka 'yan kallo suka san makaɗan Ireland."

Ina tsaye a gefe ina kallo, raina ya ɓaci. Kullum mu ke nan a fim, mashaya masu tsalle!

Tsohon ya ture kwalbar. "Samari, da wannan kiɗan muka raka uwata kabari."

Ya lumshe ido, ya ja gogen a hankali. Darakta yana ta ihun a tsaya, mai kyamara ya ƙi kashewa.