Ranar da Tarakta Ta Share Iyakar Gonarmu

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen bazarar shekarar da na shiga aji uku, can cikin shekarun saba'in, tarakta ta fara shigowa ƙauyenmu da ke kusa da Garhanga. Kwana biyu kafin nan an yi ɗan ruwa wanda bai isa shuka ba, ya dai jiƙa bayan ƙasa. Muna cikin aji, malaminmu yana fama da mu, sai muka ji ruri yana gangarowa daga kan dutse. Malamin ya ce kowa ya zauna, sannan shi ya riga mu fita. Taraktar ja ce, amma rana ta cinye jan, tana tofar da baƙin hayaƙi ta wani bututu, ƙafarta ta baya ta fi Babana tsawo, tana janye da jerin faya-fayen ƙarfe. Ta wani Alhaji ce ɗan kasuwar Madawa, shi ma tsohuwa ya saye ta. Ba ta tashi da makulli, don haka direban ba ya tsayar da ita sai a kan gangare, kuma rabin jikinta da waya aka ɗaure. Duk da haka mu yara mun bi ta har bakin rijiya, muna rantsuwa babu abin da ya fi ta ƙarfi a duniya.

Gonarmu da ta ƙanen Babana, Baba Illa, asali gona ɗaya ce ta kakanmu. Kafin ya rasu ya raba musu ita a tsaye, kowa ya sami doguwa siririya, ya dasa albasar kura a tsakani, taki ɗaya gindi ɗaya. Haka ake iyaka a wajenmu, domin akuya ba ta cin albasar kura, fari ba ya kashe ta, da rani ta bushe, ruwa na sauka ta tsiro a inda take. Baba Illa ɗan cin rani ne, ana gama girbi yake tafiya Abijan, sai damina ta kawo kai ya dawo. Idan aka shiga noma kowa gonarsa yake yi, amma da hantsi sukan haɗu a gindin aduwar da ke kan hanya su sha fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, kuma ni ce mai kai ta. Da rani kuwa aikina jaki ne. Babana ba shi da ɗa namiji da ya tasa, saboda haka ni nake kora jakinmu da mangala cike da takin awaki da tokar murhu, sawu biyu kafin in tafi lakwal, wato makaranta, kuma ban taɓa son aikin ba ko na rana ɗaya.

Washegari taraktar ta shiga gonarmu. A nan ne muka ga abin da ba mu gani ba a bakin rijiya, wato ƙarfinta ya fi hankalinta. Ta tsaga fakon da hauya ta shekara goma tana tsalle a kansa, ta tone duwatsun da maza biyu ba sa ɗagawa, amma da ta kai ƙarshen gona sai juyawa ta gagara. Direban ya yi gaba, ya yi baya, ya karya reshen aduwa, sannan ya leƙo yana share gumi ya ce wa Babana, "Malam, gonag ga taka ta cika ƙunci. Abin ga ba jaki na ba." Babana ya dubi gonar ƙanensa, busasshiya, mai ita yana can nesa, ya ce, "Waccan ta ƙanena ta. Wuce ka haɗa su duka." A ransa alheri ya yi, Illa zai dawo ya tarar an kafce masa gona. Ina tsaye na ga faya-fayen nan suna yanka albasar kakanmu suna watsa ta hagu da dama, kuma babu babba ko ɗaya da ya hana, kowa ya shagala da kallon ƙasa tana birkicewa.

Bayan kwana shida Baba Illa ya sauka daga mota. Ko gida bai shiga ba ya biya ta gona, kamar yadda ya saba, ya tarar da fili ɗaya shimfiɗe daga hanya har bakin kwazazzabo. Ya zo zaure da jakarsa a kafaɗa, ya gaida wansa a tsaye, ya ce, "Yaya, ina iyaka?" Babana ya fara bayani, shi kuwa ya katse shi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Cin rani nit tahi, ban tahi lahira ba." Ya ɗauka wansa ya mai da gonar gandu ɗaya ne don ya haɗiye ta. Babana mutum ne mai zuciya a ciki, idan aka zarge shi ba ya kare kansa, shiru yake yi ya bar ka da abinka. Daga ranar aka koma dama fura a ƙwarya biyu. Nakan ajiye ɗaya a gindin aduwa, in taka har ƙarshen fili in ajiye ɗayar, kuma wannan tafiyar ta fi mini jigilar taki ciwo.

Kowa ya ce a jira ruwa, albasa za ta tsiro ta raba gardama. Ruwan shuka ya sauka, albasa ta tsiro kuwa, amma a ko'ina, wata a tsakiyar gonarmu, wata kusa da kwazazzabo, duk inda faifai ya jefa ta. Magana ta kai gaban maigari. Tsoho ne mai sanin ƙasa, ya san Babana yana zuba taki kowace shekara, Illa kuwa ba ya nan balle ya zuba. Ya ce a shuke filin duka da iri ɗaya. "Ku bari hatsi shi tashi," in ji shi. "Inda taki yat tsaya, nan iyaka take."

Da gero ya kai gwiwa, maigari da dattawa uku suka zo, rabin gari na biye. Ba sai an nuna wa kowa ba. Geron ɓangarenmu kore ne shar, mai kauri, kuma koren bai tsaya a tsakiya ba, ya ci gaba har ya cinye kusan rabin inda Baba Illa yake cewa nasa ne, sannan ya koma rawaya siriri. Bisa hukuncin maigari, rabin gonar Baba Illa ya tafi ke nan, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Na ga ya tsuguna ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Maigari ya ɗaga sandarsa zai ja layi, sai Babana ya ce, "Ranka shi daɗe, dakata. Hatsin ga ba gaskiya shika hwaɗi ba. Ku tambayi ɗiyag ga, ita ka kora jaki." Duk idanu suka dawo kaina. Na ce, "Baba ya ce in na zuba sawu guda wajenmu, in ƙetare albasa in zuba guda wajen Baba Illa. Ya ce kar in hwaɗa ma kowa." Shekara uku ina yin haka, ina ƙunƙuni, ban taɓa kawo wa raina cewa wani abu ne ba.

Babana ya taka daga bakin koren ya dawo baya har ya daidaita da wani dutse da ya sani a bakin kwazazzabo, ya ce nan ne mahaifinsu ya tsaya ranar rabo. Baba Illa bai ɗaga kai ba. Washegari da hantsi na tarar da shi yana bin fili da kwando, yana tono albasar da ta watse gindi gindi. Ya miƙo mini kwandon ya ce, "Rakiya, ke ad da sanin wurin, ke za ki dasa." Yana haƙa rami ina sakawa, Babana yana biye yana takewa da ƙafa. Da muka kai aduwa, Baba Illa ya ɗauki furarsa ya juye a ƙwaryar wansa, ya miƙo mini tasa ya ce in mai da ita gida.

Bara na je ƙauye da damina, na tarar jikan Baba Illa yana kaftu da 'yar ƙaramar tarakta irin ta yanzu, wadda ba ta fi amalanken shanu girma ba. Da makulli take tashi, ba ta shan mai sosai, tana juyawa a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ta kewaye itace ba ta taɓa shi ba. Gonakin yanzu ma sai irinta, domin gado ya yanka waɗancan biyun gida tara. Amma idan ta ci karo da fako sai ta tsaya tana kuka, kuma ranar da wani abu ya lalace a cikinta waya da guduma ba sa yi, sai an aika birni a jira. Tsohuwar jar kuwa, ko maƙerin garinmu yana taɓa ta take tashi. Idan aka tambaye ni wadda ta dace da ƙaramar gona, ƙaramar zan ce ba tare da jinkiri ba, don na ga abin da babbar ta yi mana.

Na tsaya ina kallon yaron ya iso layin albasar da na dasa, ya ɗaga garma, ya juya tsaf, ko ganye ɗaya bai taɓa ba. Gonar da ke ƙetaren ta ɗan'uwansa ce, yana Libiya, geronta rawaya siriri. Babana da Baba Illa duk sun rasu, aduwar ma an sare ta. Iyaka dai ba ta ƙara ɓata ba tun daga wancan lokaci. Sai dai na daɗe a wurin ina duba ƙasa, ban ga sawun jaki ya ƙetare ta ba.