Sawun Jakinmu a Cikin Gero

Shekarun baya, tun ba a sauke tutar Bature ba, muna zaune a Ƙofar Taramniya cikin Sakkwato, gonarmu tana bayan gari. Ni ban yi boko ba, jikata ke rubuta muku wannan, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi.

Gonar nan ta gaji. Geron da muke girbewa ya daina kai mu bazara. Mahaifina ya riga ya yanke: in bana ma haka ne, zai bar ta, ya kwashe mu mu bi ƙanensa Kurmi, can ƙasar kudu. Mahaifiyata kuwa ko Wamakko da ke nan kusa ba ta taɓa wucewa ba, tana daka tana share hawaye.

Ana haka gwamnati ta aiko wa manoma taimako, takin Bature, kyauta. Malamin gona ya raba a ƙofar mai unguwa. Wani abu ne fari-fari kamar tsaki. Mahaifina ya karɓi buhu don kada a ce ya raina mai unguwa, amma da ya iso gida ya shinshina, ya ce, "Taki babu wari? Wanga gishiri na. Mu da munka gaji toka da kashin awaki, a ce mu barbaɗa ma gero gishiri awa miya?"

Mahaifiyata ta ce, "Malam, ka gwada ko kaɗan mana."

"A gonar da ta rage mini? Ke dai ji da tukunyarki."

Bayan shuka ya ɗora wa jaki buhun, ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Uwata, kai shi ramin ƙarshen gona ki juye."

Da ma ina cika baki cewa babu jakin da ya fi ƙarfina. Ranar na san iyakata. Ya yi gabas, ya yi yamma, ya zagaye kalgo, ya dawo baya, ina bugu ina zagi. Da munka isa ramin, buhu ya yi shakaf. Ashe ɓera ya huda gindinsa, duk takin ya tsiyaye cikin shuka. Da na faɗa wa mahaifina, ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, kin ƙone mini gero." Ya jima bai sake mini fuska ba.

Ruwa ya yi ta sauka. Wata safiya maƙwabcinmu na gona ya yi sallama yana haki: "Malam, taho ka ga ikon Allah!"

Munka hau jigawa, munka tsaya. Jama'a, gona duk rawaya, gero a tsugune. Amma a tsakiyarta ga wani layi kore shar, har yana baƙi-baƙi, ya yi gabas, ya yi yamma, ya zagaye kalgo, ya dawo baya. Duk taurin kan jakin nan ga shi a tsaye, iska tana kaɗa shi. Har daga Sabon Gari anka riƙa zuwa kallo.

Mahaifina ya tuɓe takalmi, ya bi layin daga farko har ƙarshe, yana shafa ganye yana ta Subhanallahi. Da ya dawo gida ya tsaya bakin madafa ya ce wa mahaifiyata, "Ke, kwance ƙunshin kayan tafiyarki. Gonag ga ba ta mutu ba, yunwa taka ji."

Na ga jirgin sama, na ga wutar lantarki ta shigo unguwarmu, babu wanda ya girgiza ni kamar safiyar nan. A Sakkwato na yi aure, a nan na binne iyayena, kuma geron gonar nan shi na sha kununsa ɗazu.