Uban da Ya Sheƙa da Gudu

A shekarun da shari'a ta kankama a Katsina na dawo Daura, amma ban ƙarasa gida ba. Rugarmu tana bayan Baure, tafiyar babur ce kawai. Tun da na shiga addinin Kirista a wurin karatu ban sake taka ta ba, don ni ɗan fari ne, kuma ban san da wace fuska mahaifina zai karɓe ni ba.

Aikin da ya kawo ni shi ne taya wani dattijon fasto fassara Linjila zuwa Fillanci. Ƙa'idarsa ita ce, in an gama sashe, a karanta wa wanda bai taɓa jinsa ba, a ji abin da ya fahimta. Mai sauraronmu wata tsohuwa ce mai tallan nono, wadda ba ta tauna magana.

Rannan na karanta mata labarin ɗan da ya bar gida ya lalatar da gadonsa. Da na zo inda uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, sai ta dire ƙwaryarta.

"Kai ɗan nan, wane irin uba ne wannan? Babba da shi, yana gudu gaban jama'a? Ina kunya?"

Gaskiyarta. A wurinmu uba ba ya ko kiran sunan ɗan farinsa, balle runguma. Na ce wa fasto mu sassauta, mu rubuta cewa uban ya tashi tsaye. Har da zafina, don gudun nan ni ma ciwo yake mini. Na san ba za a taɓa yi mini shi ba.

"Abin da ya faru ba namu ba ne da za mu gyara," in ji shi. "Namu shi ne mai ji ya gane dalili."

Na ƙarasa karanta wa tsohuwa labarin har inda uban ya yanka wa ɗan saniya, tana juya ludayi. Can ta ce, "To ku bar shi. In har ya yi gudun, kunyarsa ya zubar saboda yaron. Wannan ta fi saniyar da ya yanka tsada."

Ranar kasuwa na hau babur zuwa ruga.

Mahaifina bai yi gudu ba. Yana zaune yana tufka igiya, ya amsa gaisuwata kamar ta baƙo, bai ɗago kai ba. Na ji kamar in juya.

Sai ya ɗaga murya wajen bukkar mahaifiyata. "Ki gaya wa wancan, karsanar da aka ba shi ranar suna ta zama garke. Ban sayar da ko ɗaya ba. Na gaji da yi masa kiwo, ya zo ya karɓi sanda."