Langa Tara Masu Ganye

Shekarar da na shiga aji uku a kwalejin horar da malamai mata, a wajen Gwaggo, yayar mahaifina, nake zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗakunan kwana na makaranta sun cika maƙil, saboda a lokacin ana ta ɗibar ɗalibai, ana neman malaman firamare ido rufe. Sai aka ce duk mai dangi a gari ta koma jeka-ka-dawo. Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk suna gidajen mazajensu, ita kaɗai ce a ɗakinta da rumfarta tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Gyaɗi-Gyaɗi a wancan zamanin bayan gari ce. In ka fito ƙofar gida gonakin dawa kake hange har wajen Tarauni.

Abin alfaharin Gwaggo a duniya tasoshinta ne. Guda goma sha biyu, na jan ƙarfe, gadon mahaifiyarta, suna jere a kan kantar katako daidai inda duk wanda ya ɗaga labule zai fara gani. Kowace Juma'a takan sauke su, ta yanka lemon tsami, ta ɗebo toka, ta zauna ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Ni ko taɓawa ba ta bari in yi, wai hannun 'yan boko santsi gare shi.

A farkon shekarar wata malamarmu ta faɗa mana cewa duk wadda take son ta wuce karantar da firamare, akwai wata jarrabawa ta waje da za ta iya zaunawa, wadda ke buɗe hanyar karatu na gaba. Makaranta ba ta biya wa kowa. Naira ashirin ce, kuma sau ɗaya ake karɓar kuɗin a shekara. Tun da na ji maganar ta shige min rai. Sai dai alawus ɗina naira biyar ne a wata, a ciki zan shiga mota, in sayi sabulu da littafin rubutu, in ci wani abu da rana. Babana kuwa ban isa in buɗe baki in tambaye shi ba, don farin da aka yi bai bar masa komai a garke ba.

Wata biyun farko ban tara ko sisi ba. Ba wai almubazzaranci nake yi ba, ko da yake ban musa ba, ni da mai gurasar bakin makaranta mun san juna. Matsalar ita ce kowa a unguwa ya san ranar da ake ba mu alawus, har sun fi ni sani. Wannan ta haihu, sai barka. Waccan za ta aurar da ƙanwa, sai gudummawa. Baƙo ya zo daga ƙauyenmu ganin likita, zai koma, a ce 'yar makaranta ta cika masa kuɗin mota. Ni kuma ba ni da bakin cewa babu. Na sayi asusu na ƙasa, amma kafin sati uku na ƙware wajen zaro sule da tsinken tsintsiya.

Da na yi wa Gwaggo zancen ajiya a gidan waya, sai ta dube ni kamar na ce zan zuba kuɗin a rijiya. Ta ce yaya mutum da hankalinsa zai ba baƙo kuɗi a ba shi takarda. Ta ce tun kakanninmu mace a kwano take ajiya. In an san kina da kuɗi a hannu kowa sai ya roƙa, amma ba wanda zai ce wa budurwa ta sayar da kwanonta, kowa zai ɗauka kayan ɗaki take tarawa. Ga shi kwano ba ya ruɓewa, gara ba ta ci, kuma kullum kuɗinsa gaba yake yi. Ranar da buƙata ta taso a kira dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun zo har da riba.

Maganar ta shige ni, domin na san kaina. Sule zan iya zaro shi daga asusu, amma ba zan iya gutsurar langa in ba mai gurasa ba.

A lokacin wata langa ake yayi, fara mai murfi, da zanen koren ganye a kewaye. Mata suna ce mata mai ganye. Duk amaryar da ba a jera mata ita ba, sai an yi da ita a unguwa. Naira biyu ce guda ɗaya. Saboda haka duk ranar da aka ba mu alawus ba na biyowa gida, kai tsaye nake wucewa kasuwar Tarauni wajen wani mai kwanuka, in zaɓi ɗaya, in ƙwanƙwasa ta, in duba bakinta ko fenti ya ɓantare, in biya tun kafin wani ya haihu.

Naira ukun da ta rage ita ce aikin. Na daina shiga mota da safe, sai in sammako in taka da ƙafa, in bar mota sai dawowa in rana ta yi zafi. Na koma cin ɗumame kafin in fita, in ƙulla ƙuli-ƙuli biyu a gefen ɗankwali. Sabulu da zare nake yanka shi gida huɗu, in ɓoye uku. Lissafi da fensir nake yi, in malama ta duba in goge in sake amfani da shafin, har takardar ta yi laushi ta huje. Mai gurasa ya yi ta min tsiya, yana tambaya ko gaba muke yi, ni dai sai in yi dariya in wuce da sauri kafin ƙamshin ya karya min niyya.

Langunan a cikin kwando nake ajiye su a ƙarƙashin gadon Gwaggo, kowace na naɗe ta da tsohon zani. Ban taɓa cin abinci a cikin ko ɗaya ba. Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Ina aji sai in tuna ko akuyar maƙwabta ta shiga ɗaki. In na ji ƙarar kwano ya faɗi a ko'ina cikin unguwa sai gabana ya faɗi tare da shi. Gwaggo takan ce in ban yi hankali ba zan tsufa kafin langa ta tsufa.

Na tara guda tara. Saura wata guda a rufe karɓar kuɗin jarrabawa, aka gayyace mu bikin 'yar wata ƙawar Gwaggo a Daurawa. Muka shiga ganin ɗakin amarya kamar yadda aka saba. Na ɗaga kai ina duba jeren, daga sama har ƙasa, daga wannan bango zuwa wancan. Babu ganye ko ɗaya. Wata sabuwar langa ce, mai jan baki da taurari shuɗɗa, mata sai shafa ta suke yi suna sa albarka. Na matsa kusa da wata 'yar'uwar amarya na tambaye ta a hankali ina masu ganyen.

Ta yi dariya ta ce, “Mai ganye kuma? Ai wannan sai ƙauye yanzu. Mai tauraro ake yi.”

Na waiwaya na ga Gwaggo ta ji, don ta daina taunar goron da ke bakinta. A hanyar dawowa sai sauri take yi ina bin ta a baya, ita da kullum ni nake jiran ta.

Washegari ta aika aka kira dillaliya. Wata doguwar mata ce mai yawan fara'a, wadda ta san cikin kowane gida daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku. Na jawo kwandon, na kwance zannuwan. Ta ɗaga ɗaya, ta juya ta, ta yaba yadda na adana su, ta ce ko ƙwarzane babu. Daga yawan yabon na san babu alheri. Sannan ta ce in Allah ya sa ta samu 'yan ƙauye masu haɗa kayan ɗaki, za ta iya sayar da kowace sule bakwai, shi ma ba ta yi alkawarin wannan watan ba.

Gwaggo ta taso mata da faɗa, ta ce naira biyu-biyu aka saye su, sababbi ne dal. Dillaliya ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ma tana da irinsu a gida an ba ta, sun fi ashirin, tun da mai tauraro ta shigo ba wanda ya taya. Ta yafa mayafinta ta yi mana sallama.

Na kwashi guda biyu na tafi Tarauni wajen mai kwanukan da na saya, ina tunanin ko zai karɓa ko da ragi. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ɗaga wani buhu a bayan rumfarsa ya nuna min. Masu ganye ne jibge, ƙura ta rufe su. Ya ce in ina son ƙari zai yi min sauƙi. Na dawo da ƙafa da languna biyu a ka, ina lissafin da ba ya fita. Ko alawus ɗin watan gaba ɗaya na haɗa da abin da dillaliya ta faɗa, da kyar zan wuce rabi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san abin da aka koyar a aji ba. Ƙawayena biyu sun biya, suna nuna min rasit. Malamar ta tambaye ni sau biyu, na ce mata gobe. Abinci ya daina shiga. Abin da ya fi ci min rai shi ne tafiyar ƙafar nan ta wata tara, da gurasar da ban ci ba. In na rasa wannan shekarar, baɗi muna aikin koyarwa na gwaji a ƙauyuka, daga nan kuma sai a tura mutum inda aka tura shi.

Saura kwana huɗu, Gwaggo tana murza ƙuli-ƙuli a rumfa, ta ce in ci abinci, Allah zai kawo mafita. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

Na ce, “Da na kai gidan waya da yanzu kuɗina suna nan. Ke kika sa ni, Gwaggo.”

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na jira ta zage ni, har na fi son ta zage ni. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da murza tunkuzar tana jefawa a mai, sai da kaskon ya cika sannan ta ce in miƙo mata matsami. Na miƙa mata, na shige ɗaki kunya da haushi sun haɗe min.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta, na ɗaga labule, na tsaya. Languna tara masu ganye ne jere a kan kantar Gwaggo. Sun yi wa wurin kaɗan, an rarraba su don su cika shi, amma ana ganin zagayen da gindin tasoshi ya bari a jikin katakon. Na duba ƙarƙashin gado, kwandon babu komai sai zannuwa a ninke.

Gwaggo ta shigo bayana. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ƙulli ta ɗora min a hannu. Naira goma sha takwas ce, yawancinta sulalla.

Ta ce, “Na saye su yadda kika saya. Kayana ne yanzu, kada in ga hannunki a kai. Ki cika biyu daga alawus ɗinki.”

Na ce, “Gwaggo, ina tasoshin?”

Ta ce, “Na gaji da guga.”

Daga baya na ji dillaliyar ce ta kai su wa wani mai sayen tsofaffin kaya a cikin birni, kuma ita kanta sai da ta roƙi Gwaggo ta sake tunani. Na zauna jarrabawar, na kuma ci, ko da yake lissafi da kyar na tsallake. Da na fara ɗaukar albashi na bi sawun tasoshin har wajen mutumin, ya ce sun daɗe da tafiya. Na saya mata masu tauraro guda goma sha biyu, ta sa min albarka, ta tura su ƙarƙashin gado. Ƙawayenta sun yi ta tsokanar ta da jeren 'yan ƙauye, ita kuwa takan ce ganye take so, ina ruwan wani.

Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne washegarin ranar da ta ba ni ƙullin. Juma'a ce, na biya kuɗin da safe, na dawo da wuri da rasit a hannu ina ɗokin in nuna mata. Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar ɗaki. Ta riga ta yanka lemon tsami gida biyu, ga toka a cikin ƙoƙo a gabanta, tana kallon langunan da ke kan kantar. Da ta ji motsina sai ta ture ƙoƙon gefe da ƙafa.

Ta ce, “Jiƙo min tsumma, 'yar nan. Waɗannan ruwa kawai suke so.”