Badamasi da Iskar da Ba Ta da Wari

Badamasi na Karofi bai yi boko mai nisa ba, amma in dai inji ne, to a bar masa. Tun yana gareji a Dutsin-Ma aka san shi: ya shaƙi hayaƙin mota, ya faɗa maka ciwonta. Wannan baiwa ce ta kai shi wata ƙasar Larabawa, inda ya shekara goma sha bakwai yana gyaran motocin da ke jan kayan fasinja a filin jirgin sama. Mu maƙwabtansa har Injiniyan Jirgi muke ce masa, alhali shi da jirgi sai in zai zo ganin gida.

Ana nan sai masu filin suka ce sun gaji da hayaƙin dizal. Za su shimfiɗa farantan sola, su riƙa fitar da wata iska daga ruwa, wai ita haidirojin, motocin filin su yi aiki da ita, har motocin haya na cikin gari su zo saye. Makanikai arba'in ne, goma sha biyu kawai za a riƙe, sai wanda ya ci jarrabawa.

Badamasi ya doshi sittin, kuma ba shi da wata sana'a. Ya zauna a aji mako uku yana rubutu kamar ɗan firamare. Ya kira matarsa Rekiya a waya ya ce, "Wanga abu, Rekiya, ba wari ba launi. Ta ina mutum zai kama shi?"

Ranar jarrabawa aka kai su gaban wani bututu da aka cika da iskar gwaji marar haɗari, aka ba kowa na'ura mai ƙara, aka ce a nemo inda yake yoyo. Badamasi ya jujjuya na'urar, ya ga ɓata lokaci ce. Ya ajiye ta, ya tuɓe safar hannu, ya tofa miyau a tafinsa, ya bi bututun a hankali yadda duk makanikin Dutsin-Ma yake yi. Inda ya ji sanyi ya tsaya. Shi ya fara ganowa, kuma daidai wurin ne.

Malamin da ke kula da jarrabawar ko faɗa bai yi ba. Ya ce masa da iskar gaske ce, tana iya ci da wuta da rana tsaka ido bai gani ba, da yanzu babu hannun. Ya karɓi na'urarsa ya wuce wajen na gaba. Har gobe abin yana ci mini rai, domin malamin ya yi gaskiya, Badamasi kuma bai san wata hanya ba.

Bai ci jarrabawar ba. Ya dawo gida ya kafa rumfa a hanyar madatsar Zobe, da nufin ya riƙa gyara wa manoman rani injinan ban ruwa. Shekarar farko ba laifi. Daga nan mai ya yi tsada, manoma suka fara komawa sola ɗaya bayan ɗaya, rumfar ta zama wurin shan inuwa. Ya rage saura Alhaji Dalhatu, mai gonar tumatir, da tsohon injinsa na dizal.

Wata safiya Alhaji ya aiko kiransa. Badamasi ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau babur da saurinsa. Yana isa ya tarar da farantai sun jeru a bakin gona, ruwa na kwarara ba ƙara.

"Malam Badamasi, ka yi haƙuri," in ji Alhaji, yana kallon gefe. "Injin nan nika so ka kwance mani gunduwa-gunduwa. 'Yan gwangwan za su zo su auna, sun ce ba su iya ɗaukar shi haka."

"Alhaji, lafiya lau yake. Watan jiya na yi mashi aiki."

"Na sani. Ba mai saye ne."

Badamasi ya durƙusa ya juya hannun injin, ya tashi a karo ɗaya. Ya bar shi yana yi har ɗan man da ya rage ya ƙare. Sannan ya zaro sifana ya fara da kan injin, yana jera kusoshin a kan buhu bi da bi, yadda ake yi in za a mayar.